Babi na Tara: Rabon Manomin Kadawa a Kano Pillars

A shekarar 1990 aka soma gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru a Najeriya, wato gasar da ɗan wasa zai riƙi tamaula a matsayin sana'a, a rubuta masa kwantiragi, a yanka masa albashi. A wannan shekarar ce masu riƙe da harkar wasanni a Kano, Alhaji Ibrahim Galadima na gaba-gaba, suka zaɓi haɗa ƙarfi wuri guda, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aka tattaro ƙungiyoyi uku, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, aka narkar da su. Abin da ya fito shi ne Kano Pillars.

Bari mu ja birki a kan suna na farko. WRECA tun asali hukuma ce ta gwamnatin jihar Kano mai kula da albarkatun ruwa da gine-gine: injiniyoyi, da safiyo, da direbobin katafila, da leburori masu datse rafi. Himmar da Gwamna Audu Bako ya ɗora jihar a kai, ta tare ruwan damina domin amfanin rani, wadda ta ba mu madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, ita ce ta haifi wannan hukuma, kuma hukumar ta ci gaba da gina madatsu a sassan tsohuwar jihar Kano. A wancan zamani kowace ma'aikata mai ji da kanta tana da ƙungiyar ƙwallo. Jirgin ƙasa na da tasa, hukumar lantarki na da tata, bankuna na da nasu. Yaro mai ƙafa sai a ɗauke shi aiki, a sa sunansa a takardar albashi, da safe ya leƙa ofis, da yamma ya tafi atisaye. Haka ƙungiyar WRECA ta rayu, haka ma ta Bank of the North, bankin da dogon benensa ya daɗe yana zama alamar birnin Kano kafin ya shige cikin Unity Bank a 2006.

Ke nan ɗaya daga cikin iyayen Pillars uku ma'aikaciyar ruwa ce. Na kawo wannan da wuri ne saboda abin da nake son kafawa a wannan babi: ƙwallon Kano, tun kafin a haifi Pillars, daga gona take ci. Mutumin Garun Mallam da Kura da Bunkure yana da rabo a tarihin wannan ƙungiya, kuma har yau ba a kai masa rabon nasa ƙofar gida ba.

Mu ɗan koma baya. A 1953 tawagar Kano ta ci kofin ƙasa bayan ta doke Lagos Dynamos da ci 2–1, a lokacin da ake kallon ƙwallo a matsayin abin mutanen bakin teku. Wannan Kano ce ta zamanin dalar gyaɗa, kuma kuɗin da ke yawo a garin gumin manomin karkara ne da aka ɗura a buhu. Ƙungiyar da ta ɗaga sunan Kano bayan haka, Raccah Rovers, ta ɗauko sunanta ne daga gidan Raccah, fataken gyaɗa waɗanda asalinsu daga Tarabulus ne ta ƙasar Libiya. Ita ce ta lashe gasar ƙasa a 1978, kuma a cikin watan Afrilun wannan shekara ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, a wasan da Pele da kansa ya saka rigar baƙin ya taka leda. Dattawan da suka ga Raccah har gobe ba sa yarda an yi kamarta. To amma gyaɗa ta faɗi, Raccah ta dusashe, sai ƙwallo ta koma hannun hukumomi da bankuna, daga nan ta koma hannun gwamnatin jiha kai tsaye. A kowane mataki, idan ka bi sawun kuɗin, za ka ga yana da saiwa a karkara.

Ƙaramar hukumar Garun Mallam ƙanwar Pillars ce a shekaru, domin a 1996 aka cire ta daga Kura. Duk wanda ya taɓa bin titin Kano zuwa Zariya da rani ya san wurin ko da bai san sunansa ba: ana cikin tafiya a busasshiyar ƙasa, kwatsam sai ido ya faɗa kan kore shar hagu da dama, shinkafa da alkama da albasa da masara, ga ruwa yana gudu a kanal. Wannan shi ne aikin noman rani na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan kadada 22,000, aka kuma fara gwada shi a Kadawa. Nan ne kasuwar Kwanar Gafan take, inda ake loda kwandunan tumatir a manyan motoci zuwa Legas da sauran biranen kudu, kuma nan Kadawa ne kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar markaɗa tumatir a 2016. Daga nan zuwa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba, idan hanya ta yi kyau.

Akasarin wasannin gasar Najeriya da ƙarfe huɗu na yamma ake take su, bayan la'asar. A yankin nan wannan lokaci ne na ban ruwa, rana ta yi sanyi, layin ruwa ya zo kan wanda ya zo. Sai ka ga mutum tsaye cikin laka zuwa idon sawu, ya naɗe wando, fartanya a hannu yana buɗe bakin wannan kwami yana toshe wancan, ƙaramar rediyo kuwa tana rataye a reshen dalbejiya ko a kan kan babur. Mai sharhi yana ta zuba, shi kuma kunnensa na can. Da zarar muryar ta ɗaga, sai fartanyar ta tsaya a sama. Idan an ci, zai juya ya ƙwala wa na gonar maƙwabta kira, “Sai Masu Gida!”, wancan ya amsa masa daga tsallaken kanal. Wataƙila wannan mutum bai taɓa zama a kan kujerar filin Sani Abacha ba, amma ya san wanda ya ji rauni, ya san wanda koci ya ajiye a benci, kuma yana da ra'ayi mai ƙarfi a kan dalilin ajiyewar.

Abin da ya riƙe irin wannan mutum ba a rana ɗaya aka gina shi ba. Shekara guda da kafuwarta, a 1991, Pillars ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta hana ta ɗauka. Daga nan aka shiga dogon jira. Sai a 2008, shekara goma sha takwas da kafuwa, kofin gasar ƙasa ya zo Kano a hannun koci Kadiri Ikhana, mutumin da ya ci wa Enyimba kofin zakarun Afirka a 2003.

Shekarar da ta biyo baya ita ce wadda magoya baya suka fi so a tuna musu. A 2009 Pillars ta shiga gasar zakarun Afirka, kuma kafin a kai matakin rukuni sai ƙuri'a ta haɗa ta da Al Ahly ta Masar. Ya kamata mai karatu ya san girman abin. Al Ahly ce ke riƙe da kofin, ita ta ci shi a 2005 da 2006 da 2008, tana da Mohamed Aboutrika a tsakiya, tana da koci Manuel José ɗan Portugal a benci, kuma 'yan wasanta su ne ƙashin bayan tawagar Masar da ke mulkin nahiyar a lokacin. A wasan farko a Najeriya aka tashi 1–1. Masu lissafi suka ce magana ta ƙare, domin wanda bai ci Al Ahly a gidansa ba, me zai je yi Alƙahira? Aka je Alƙahira, aka tashi 2–2. A ƙa'idar wancan lokaci, idan jimillar ƙwallaye ta zo daidai, wanda ya fi zurawa a gidan abokin karawa shi ke wucewa. Pillars ta zura biyu a Masar, Al Ahly ta zura ɗaya a Najeriya. Mai riƙe da kofi ya fita, ƙungiyar Kano ta wuce.

Ba ta tsaya nan ba. A rukuni ta haɗu da manyan ƙungiyoyin Sudan guda biyu, Al Hilal da Al Merrikh, da Zesco United ta Zambiya, ta kuma fito a saman rukunin. Abin baƙin ciki shi ne wanda ya tare mata hanya a wasan kusa da na ƙarshe ɗan gida ne, Heartland ta Owerri, wadda ta ci ta 4–0 a can, ta zo ta ƙara mata 1–0. Heartland ɗin ma ba ta ɗauki kofin ba, TP Mazembe ta Kongo ce ta tafi da shi. Har yau Pillars ba ta sake kaiwa wannan mataki a Afirka ba.

A kakar 2009 zuwa 2010 wani yaro haifaffen Jos, ɗan shekara goma sha bakwai, ya zo Kano ya zura ƙwallo 18, adadin da a lokacin babu wanda ya taɓa kaiwa a gasar ƙwararrun ƙasar. Ahmed Musa ke nan. Daga Kano ya wuce VVV-Venlo ta Holan, daga can CSKA Moscow ta Rasha, sai Leicester ta Ingila, sai Al Nassr ta Saudiyya. Ya ci Ajantina ƙwallo biyu a Kofin Duniya na 2014, ya ci Iceland biyu a na 2018. Labarinsa ya yi tasiri a ƙauyuka fiye da yadda ake zato, domin shi ya sa uba da yawa suka daina ganin ƙwallo a matsayin zaman banza zalla, ko da ba su kai ga amincewa da ita ba.

Sai shekarun mulki: 2012, 2013, 2014, kofi uku a jere, biyu na farko da Mohammed Babaganaru, na uku da Okey Emordi. Kafin nan Iwuanyanwu Nationale da Enyimba ne suka taɓa jera uku. Zamanin Gambo Muhammad ne a gaba, wanda kocin Najeriya Stephen Keshi ya tafi da shi gasar Kofin Nahiyoyi a Brazil a 2013, da Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato, da gola Theophilus Afelokhai, da kuma Rabi'u Ali da ake kira Pele. Rabi'u ya cancanci a tsaya a kansa. Bai tafi Turai ba, bai yi suna a gidajen kallo na duniya ba, amma shi ne fuskar ƙungiyar fiye da kowa. Yana cikin tawagar Najeriya ta 'yan wasan gida da Maroko ta ci 3–0 kafin hutun rabin lokaci a Afirka ta Kudu a 2014, suka dawo suka ci 4–3, kuma ɗaya daga cikin ƙwallayen tasa ce. Ya haura shekara arba'in da haihuwa yana buga wa Pillars bugun tazara. A gasar da ɗan wasa ke sauya riga kusan kowace kaka, zaman da ya yi wuri guda shi ya ba manomin da ke sauraron rediyo suna ɗaya da zai riƙe shekara da shekaru.

Akwai wani tarihi da ake alfahari da shi wanda ni nake ɗauka da taka-tsantsan. Daga 2003, lokacin da Julius Berger ta ci ta a Kano, Pillars ta yi wasa 202 na gasa a gida ba a doke ta ba, sai a watan Agustan 2015 da Nasarawa United ta zo ta ci 2–1. Shekara goma sha biyu ke nan. Babu shakka akwai ƙwarewa a ciki, akwai kuma cikar filin da ke karya gwiwar baƙo tun kafin a busa usur. Amma duk mai gaskiya ya san cewa a waɗancan shekaru cin wasa a waje abu ne mai wuya ga kowace ƙungiya a Najeriya, kuma ba ƙwallo kaɗai ke jawo haka ba. Alƙalan wasa suna aiki cikin tsoro a filaye da yawa, kudu da arewa. Ƙungiyar da ta saba cewa gida ba a cin ta, magoya bayanta sukan wayi gari suna ganin canjaras ma zalunci ne. Wannan tunani ya zo ya yi wa Pillars illa daga baya.

Shekarar 2015 ta zo da wani tashin hankali tun kafin Nasarawa United ta ci Pillars a gida. A watan Maris 'yan bindiga suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a kan hanyar Abaji zuwa Lokoja, suna tafiya Owerri wasa da Heartland, 'yan wasa biyar suka ji rauni, har da Gambo Muhammad. Mai kallo daga benci bai cika tuna cewa ɗan wasan gasar Najeriya rabin rayuwarsa a kan titi take ba, yini guda cur a bas, a kan hanyoyin da direbobin tumatir na Kwanar Gafan suka fi kowa sanin haɗarinsu.

Kofin Ƙalubale shi ne wanda ya daɗe yana guje wa Kano, kuma yadda ya zo yana da ciwo. Shekarar 2018 ta soma da rasuwar Chinedu Udoji, ɗan bayan ƙungiyar, a haɗarin mota a cikin birnin Kano a watan Fabrairu, sa'o'i kaɗan bayan ya buga wasa da tsohuwar ƙungiyarsa Enyimba. A watan Oktoba Pillars ta kai wasan ƙarshe a Asaba da Rangers ta Inugu. Rabi'u Ali ya fara ci, aka ƙara, aka sake ƙarawa, 3–0. A Kano an fara hawa babura ana busa ham. Rangers ta farke ɗaya, ta farke ta biyu, ana dab da tashi ta farke ta uku, aka je bugun fenareti ta ci 4–2. Waɗanda suka kalli wasan nan ba sa son a tayar da zancensa. Amma 'yan wasan ba su watse ba. A shekarar da ta biyo, 2019, koci Ibrahim Musa ya sake kai su wasan ƙarshe, wannan karon a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, da Niger Tornadoes ta Minna. Aka tashi babu ci, aka sake zuwa fenareti, Pillars ta ci 4–3. Kofin da aka fara nema tun 1991 ya shigo Kano, kuma hanyar shigowarsa daga Kaduna ita ce wadda ta ratsa Ciromawa da Kura.

Wannan hanya ta ƙara zama ta Pillars a lokacin annobar korona. A 2020 aka mayar da filin Sani Abacha wurin killace marasa lafiya, sai ƙungiyar ta koma buga wasanninta na gida a Kaduna. A can Ahmed Musa ya same ta da ya dawo a watan Afrilun 2021, yana kyaftin ɗin Najeriya, abin da ba a saba gani ba daga ɗan wasa mai irin sunansa.

Daga nan aka gangara. A watan Afrilun 2022, a wasa da Katsina United a Kano, magoya baya suka ɓalle, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta zabtare wa Pillars maki, wani rikicin da ya shafi alƙalan wasa ya biyo baya, aka sake hukunta ta, kaka ta ƙare da ƙungiyar da ta ci kofin gasar ƙasa sau huɗu ta faɗa gasar 'yan dagaji. Ta dawo a 2023. Amma a watan Oktoban 2025 abin ya maimaitu: Shooting Stars ta Ibadan ta farke ana dab da tashi, aka afka fili, aka sake zabtare maki, aka kuma kore ta daga gida zuwa Katsina. Ruwa ba ya tsami banza. Mutanen da suka yi wannan aika-aika 'yan ƙalilan ne idan aka kwatanta da dubban da suka sayi tikiti suka zauna lafiya, balle ɗimbin masoyan karkara da ba su ma san an yi ba sai a labaran dare. Amma kowa ya biya. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni takaici a duk tarihin: ƙungiyar jiha ce mai ƙananan hukumomi 44, amma makomarta tana hannun wanda ya fi kusa da katangar fili.

A nan maganar kuɗi take shigowa. Pillars mallakin gwamnatin jihar Kano ce, kamar yadda akasarin ƙungiyoyin gasar Najeriya suke hannun gwamnatocin jihohi. Albashin 'yan wasa, da kuɗin sa hannu, da man bas, da otal, daga baitulmalin jiha suke fitowa. Gwamnati ce ke naɗa shugabanni, ita ke sauke su, kuma idan mulki ya sauya, hukumar kulob ma takan sauya. Wannan tsari ya raya ƙungiyar fiye da shekara talatin a ƙasar da ƙungiyoyin attajirai da kamfanoni irin su Abiola Babes da Leventis United suka mutu da zarar mai su ya janye hannu, don haka ba na raina shi. Sai dai baitulmalin nan na kowa ne. Dillalin Kwanar Gafan da mai injin casar shinkafa a Kura suna da haƙƙi a cikinsa daidai da ɗan kasuwar Kantin Kwari.

Mutanen yankin nan sun san wani abu game da dukiyar gwamnati da ba kowa ya sani ba. Sun ga cewa cikar Tiga ba ta nufin gonarka za ta sha. Ruwa yana iya maƙare babban kanal, amma idan ƙananan hanyoyin da ke rarraba shi sun cike da laka da ciyawa, na kusa da bakin ruwa zai yi ta ɓarna da shi, na ƙarshen layi kuma amfaninsa ya ƙone. Shi ya sa aka kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, manoma suna biyan kuɗi, suna fita gayyar yashe kanal, suna da bakin magana a kan rabo. Pillars babbar madatsa ce da aka gina da kuɗin jama'a, amma ba a haƙa mata ƙananan hanyoyi zuwa ƙauye ba, kuma Garun Mallam a ƙarshen layi take duk da kusancinta da birni.

Al Ahly ɗin da aka fitar a 2009 tana da abin koyo a nan. An kafa ta a 1907, kuma ƙungiya ce ta mambobi masu biyan kuɗi, su ke zaɓar shugabansu. Ban ce a kwafo tsarin Alƙahira a dasa a Kano yadda yake ba. Amma katin zama mamba mai sauƙin kuɗi, wanda za a sayar a Kura da Bunkure da Rano da Bici kamar yadda za a sayar a Fagge, zai kawo kuɗin shiga, zai kuma sa mutumin da ya biya ya ji zafin duk wanda ya jefa dutse ya jawo wa abinsa asara.

A halin da ake ciki, wani ne ke cike gurbin. Shiga kowane gari a kan titin nan da daddare ranar Asabar, za ka ji ƙarar janareta kafin ka ga wurin. Rumfa ce ta kwano ko ta zana, a ƙofa an jingine allo an rubuta wasannin ranar da alli, da lokacin kowanne. A ciki benci-benci ne a jere, talabijin biyu ko uku a sama, yaro a bakin ƙofa yana karɓar kuɗi, mai shayi da mai rake sun kafa a waje. Samarin da suka yini suna tsinkar tumatir su ne suka cika wurin, wannan da rigar Barcelona, wancan da ta Arsenal ko Real Madrid, gardama tana tashi a kan cinikin 'yan wasan da ake biya da yuro. Ba na ganin laifinsu ko kaɗan. Wasan Madrid yana sauka a Kadawa tar a kan lokaci ta tauraron ɗan'adam, wasan Ƙofar Mata kuwa sau da yawa sai dai a ji a rediyo ko a bi sakamakonsa a Facebook. Duk da haka, ka tambayi kowannensu ƙungiyarsa ta gida, amsa ɗaya ce. Soyayyar tana nan, ba a dai zo an karɓe ta ba.

Sannan akwai wata matsala da ta keɓanta da yankin noman rani, wadda mai zama a birni ba zai yi tunaninta ba. A ƙauyen da ke noman damina kaɗai, rani lokacin ƙwallo ne: an girbe, gonaki sun zama fili, samari ba su da aiki sosai. A nan abin ya juye. Ƙasar da ruwan kanal ke kaiwa ba ta hutawa, kuma tana da tsadar da babu wanda zai bar ta a yi wasa a kai. Da an yanke shinkafar damina, yara kan sami 'yan makonni su kafa duwatsu biyu ko sandunan dawa a matsayin raga, su yi ta bugu a kan kututturen shinkafa da ƙafa ba takalmi, kafin tarakta ta shigo ta kefta wurin domin alkama ko tumatir. Daga nan sai filin makarantar firamare, idan ba a ci rabinsa da gini ba. Shi kansa yaron hannunsa ake buƙata: dashe, cirewa, korar tsuntsu, ɗaukar kwando. Yaro mai baiwa a nan yakan kai shekara goma sha shida bai taɓa buga wasa a gaban wanda zai iya ɗaukarsa ba, alhali Ahmed Musa a shekara goma sha bakwai ya riga ya zama zakaran masu cin ƙwallo na ƙasa.

Kayan aikin gyara wannan suna nan. Pillars tana da ƙananan ƙungiyoyinta na matasa. Kano ce ke karɓar baƙuncin gasar Ramat ta yara, wadda ake yi domin tunawa da Janar Murtala Muhammad. Kuma tun watan Yulin 2025 babban manajan ƙungiyar shi ne Ahmed Musa da kansa, mutumin da ya gina cibiyar wasanni da kuɗinsa a Hotoro, wanda kuma ya san abin da ake nufi da a gano yaro da wuri. Abin da ake buƙata daga ofishinsa bai kai kuɗin sayen ɗan wasan gaba guda ɗaya ba: gasar mazaɓu ta Kura da Garun Mallam da Bunkure da za a tsara bisa kalandar gona, a cikin makonnin da ke tsakanin yankan shinkafa da shukar rani, masu horar da matasan Pillars su zauna a bakin fili da littafi da biro. Kowace ƙaramar hukuma ta ware fili ɗaya a tudu, inda ruwan kanal ba ya kaiwa, a kafa masa raga ta ƙarfe, a yi masa takarda yadda ba za a yanka shi fuloti ba. Kafin a fara kaka kuma, babbar ƙungiyar ta zo ta buga ɗaya daga cikin wasanninta na share fage a Kura, da rana tsaka ba ranar kasuwa ba, ƙofa a buɗe.